Jadawalin da Ya Manta da Malami

'Yan'uwa malamai, an umarce mu da tsara aikin zango a kwamfuta bisa jadawalin Gantt: kowane aiki da layinsa, daga ranar farawa zuwa ta gamawa. Ba mu ƙi ba. Sai dai ƙa'idar wannan jadawali ita ce, aikin da ya dogara da wani ba ya farawa sai wancan ya kammala. To, ina layin gyaran rufin aji? Ina na littattafai da ƙarin girma? Wace manhaja ce ta san ranar da igiyar ruwan Kainji ke hana yara tsallakowa Warra? Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Masu umarni su fara zana alkawuransu da ranakun cikawa, sannan a auna namu.