Gashinki ƙishirwa yake ji, ba mai ya rasa ba

1/ 'Yan mata, zafin Afrilu ya shigo, gashi ya bushe kamar soso, kowa sai lafta mai take. Wallahi mai ba ya jiƙa gashi, danshi kawai yake riƙewa.

2/ Fara fesa ruwa, sannan ɗan man kaɗanya. In kin lafta a busasshen kai, ƙura da gumi su haɗu, sai ƙaiƙayi.

3/ Jiƙa karkashi a ruwan ɗumi, ki tace, ki wanke kai da yauƙin. Mataji zai wuce salin alin.

4/ Kar ki rufe jiƙaƙƙen gashi da hijabi. Da dare hular siliki, auduga na shanye danshi.

5/ Makitsiya kuma ta sassauta hannu. Gashin goshi in ya tafi, dawo da shi aiki ne.