Kurege da Itacen Ƙarshe: Ra'ayin Masu Kallo da Aikin Malami

Gabatarwa

A shekarar 2006 kamfanin Blue Sky Studios na Amurka ya fitar da wani gajeren fim na zane mai motsi, wato katun, mai suna No Time for Nuts, wanda Chris Renaud da Mike Thurmeier suka ba da umarninsa. Tsawonsa kimanin minti 7 ne. Ya shiga jerin masu takarar kyautar Oscar ta 2007, amma wani fim mai suna The Danish Poet ya lashe ta. Na nuna wa ɗalibaina masu shirin fita gwajin koyarwa wannan fim, sannan na nemi ra'ayinsu. Abin da na ji daga bakinsu shi ya sa na rubuta wannan maƙala.

Labarin Fim ɗin

Tauraron fim ɗin wani kurege ne mai suna Scrat, wanda ba ya furta kalma ko ɗaya. Ba shi da buri a duniya sai ƙwallon wani babban itace na ƙasashen sanyi da ake kira ok. Yana neman wurin binne ƙwallonsa sai ya tono wata na'ura mai jefa mutum cikin zamanin da ya wuce ko mai zuwa. Na'urar ta yi ta wurgi da shi: ga shi a filin wasan Rumawa, ga shi a gaban jirgin ruwan Titanic, ga shi a tsakiyar juyin juya halin Faransa. Daga ƙarshe ya faɗa wani zamani mai nisa, ya ga ƙaton itacen ok ya yi 'ya'ya jingim. Don murna sai ya farfasa na'urar. Ashe itacen ƙerarre ne, an kafa shi don tunawa da itacen ok na ƙarshe a duniya.

Ra'ayoyi Uku

Kashi na farko na ɗaliban sun sha dariya, suka ce wasan yara ne, bai cancanci a ɓata lokacin darasi a kansa ba. Wasunsu ma cewa suka yi tun da bai ci kyautar ba, ai alƙalai sun riga sun yanke masa hukunci.

Kashi na biyu sun ce ƙarya ce zalla, domin abin da ya wuce ba ya dawowa, gobe kuwa ta Allah ce, don haka nuna wa yara irin wannan zai rikita musu tunani.

Ra'ayi na uku na ɗalibi guda ne, mutumin ƙasar Birnin Gwari. Shi bai yi dariya a ƙarshen fim ɗin ba. Ya ce itacen ya tuna masa da dokar da kakansa yake ba su labari, da buhunan gawayi da yake gani a bakin hanya. Ya ƙara da cewa ƙannensa sun tashi ba su san daji ba sai a matsayin wurin da 'yan bindiga suke fitowa, har ba sa iya bambance maje da doka.

Nawa Ra'ayin

Ban yarda da kashi na farko ba. Alƙalan kyauta suna da nasu ma'auni, malami kuma yana da nasa, wato abin da fim zai sa ɗalibi ya faɗa. Fim marar magana kuwa ya fi kowane dacewa da darasin harshe, domin yaro ne zai samar da kalmomin da kansa. Idan aka ce ya ba da labarin, dole ya yi amfani da shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu (sun gudu, suka gudu), da lokaci mai ci (yana gudu), da lokaci mai zuwa (zai gudu), da lokaci sabau (yakan gudu). Nahawun da yara suke haddacewa da ƙyar a kan allo, ga shi yana fitowa daga bakinsu ba tare da bulala ba.

Kashi na biyu suna da hujja, kuma bai kamata a yi musu ba'a ba. Sai dai Bahaushe ya daɗe da sanin bambancin ƙarya da ƙagaggen labari. Babu yaron da ya taɓa fita neman gidan Gizo da Ƙoƙi bayan an tashi daga tatsuniya. Haka kuma tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro ya yi yawo a sararin samaniya, aka kuma karanta littafin a makarantunmu. Aikin malami shi ne ya bayyana wa yara cewa wannan ƙirƙira ce, sannan ya tambaye su abin da take nufi.

Ra'ayi na uku shi ya fi tsaya mini a rai. Babu alamar masu shirya fim ɗin sun yi shi da Birnin Gwari a zuciya, amma ɗalibin ya kalle shi da idon garinsu, ya ga abin da ni ban gani ba. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936, aka ɗaukaka shi zuwa gandun daji na ƙasa a 1999. Shekarun ta'addanci sun raba jama'a da dazukan yankin, suka tashi ƙauyuka, suka rufe makarantu. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta garin bayan ta daɗe a rufe. Kasuwa ana iya buɗe ta a rana ɗaya, amma sanin daji ba ya dawowa haka. Yaron da bai san taura da kaɗanya da ɗorawa ba, ba zai fahimci karin magana ko kirarin da suka ambace su ba, kuma ba zai damu ba idan an sare su. Ta haka harshe da daji suke yin asara tare.

Kammalawa

Shawarata ga malami mai jiran gado ita ce, idan ka nuna fim ko ka karanta labari, kada ka riga ɗalibai faɗin ma'anarsa. Tambaye su tukuna, ka saurari mai dariya da mai suka da wanda ya yi shiru. Idan Allah ya kai ka Birnin Gwari, ka sa kowane yaro ya tambayo dattijon gidansu yadda dajin yake a zamanin ƙuruciyarsa, ya rubuto sunayen itatuwa goma da amfaninsu, sannan ya rubuta yadda yake fatan ganin dajin nan da shekara hamsin. Wannan tafiya ce zuwa jiya da gobe wadda ba ta bukatar na'ura, kuma babu mai cewa ƙarya ce.

Tambayoyi

1. Wanne daga cikin ra'ayoyin uku ka fi goyon baya? Kawo hujjojinka.
2. Tsara darasin minti 40 kan lokutan Hausa ta amfani da fim marar magana.