Injin matse ruwan ƴaƴan itace: a yi shawara kafin a kwance lalita

Ƴan'uwa manoma da uwayen gida, duk wanda ya shiga Kasuwar Dole ko kantunan Zango a birnin Damagaram ya ga injunan nan na matse ruwan ƴaƴan itace a jere, kowane da kwalinsa mai hoton lemu da karas. Ana shigo da su ta Kano, mafi yawansu ƙirar ƙasar Sin ne. Ƴan cin rani sukan riƙo su tsaraba, wasu iyaye kuma sun soma saka su cikin kayan ɗakin amarya. Maganar ta iso har Zermu da ƙauyukan da ke kewaye da ita, inda ake tambaya: wane iri ya kamata a saya? Mu dai ra'ayinmu shi ne, mafi yawan gidajenmu ba su bukatar babban injin nan mai tsada. Ga dalilanmu, mai karatu ya auna da kansa.

Da farko a san cewa abin ba iri ɗaya ba ne, ko da yake masu kanti suna kiransu da suna guda. Akwai mamatsin lemu na hannu, na roba ko na ƙarfe, wanda ake raba lemu biyu a danna a kansa a murza. Akwai injin markaɗe na gida, wanda ƴan kasuwa ke ce wa bilenda. Shi wuƙa ce ke juyawa a gindin kofi, ta markaɗe abin da aka zuba duka, ba ta fid da kome. Sai babban injin da aka fi talla, mai gurza abu da gudu, yana juyawa sau dubbai cikin minti ɗaya, ruwa ya fita gefe guda, tuƙa ta fita gefe guda. Akwai kuma wani mai matsawa a hankali, ƙirarsa kamar ta injin niƙa nama. Ruwansa ya fi yawa, kuɗinsa ma ya fi yawa.

To, mu dubi abin da ƙasarmu ke bayarwa. Babban injin nan an ƙera shi ne domin tuffa da karas da abarba, wato abubuwa masu tauri da ruwa a ciki. Me muke da shi a Damagaram? Muna da mangwaro da bazara. Muna da dabinon Gidimuni, da raken Matamaye da kwarin Korama, da kayan lambun Miriya, da gwaiba, da kankana, da tsamiya, da goruba, da ƴaƴan kuka, da zoɓo. A cikin waɗannan duka, guda nawa ne injin zai matse?

Mangwaro ba ya tsiyaya. In an zuba shi a injin, sai naman ya toshe rariyar, rabi ya tafi cikin tuƙa. Dabino ba shi da ruwan da za a matsa, jiƙa shi ake yi. Garin ƴaƴan kuka busasshe ne tun a kan itace, damawa ake yi da ruwa ko da nono. Tsamiya jiƙo ce, zoɓo dafuwa ce ko jiƙo. Goruba kuwa kowa ya san taurinta. Rake yana da nasa injin dabam, babba, mai naɗin ƙarfe. Wanda ya tura rake a ƙaramin injin gida ya yi bankwana da shi. Kankana kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, wuƙa kaɗai ta ishe ta. Ashe abubuwan shanmu na gargajiya kusan duk na jiƙawa da tacewa ne, ba na matsewa ba. Shi ya sa uwayenmu suka tsaya ga ƙwarya da maburgi da rariya da farin ƙyalle mai tsabta. Ba rashin wayo ne ya tsayar da su nan ba, kayan aikin ne suka dace da abin da ake sarrafawa.

Saura karas da tumatir da lemu. Lemu, ko wanda ake kawowa daga kudu ko na Timiya ta ƙasar Abzin, mamatsin hannu ya ishe shi, haka nan lemun tsami. Karas kuwa mun fi son a gurgura shi ɗanye bayan an wanke, ko a sa shi cikin miya. Sinadarin da ke cikinsa, wanda jiki ke mayarwa bitamin A mai tsare ido daga dundumi, ya fi shiga jiki idan an ci shi tare da ɗan mai. Cokalin man gyaɗa a cikin miya ya fi injin amfani a nan.

Yanzu ga batun lafiya, wanda shi ne ya fi damunmu. A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawara cewa babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ƴaƴan itace da ganyaye kowace rana. A lura, ci aka ce. Abin da injin ke jefarwa gefe, wato tuƙa, ba shara ba ce. Ita ce ke sauƙaƙa bayan gida, ita ce ke sa mutum ya ji ƙoshi, ita ce kuma ke hana zaƙin ɗan itace shiga jini da gaggawa. Lemu ɗaya matsakaici yana da kimanin giram 3 na wannan abu, amma kofin ruwan lemu tatacce bai cika kai giram 1 ba. Ga shi kuwa sai an matse lemu kamar uku kafin kofi ya cika. Ba kowa ke zama ya sha lemu uku a jere ba, amma kofi ɗaya yaro ma kan shanye shi a tsaye. Lemu ukun nan da sun zagaya yara uku.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake fito da wata ƙa'ida kan sukari. Ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ga babban mutum, wannan ya kama kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hukumar ta lissafa zaƙin ruwan ƴaƴan itace da na zuma cikin wannan sukari, amma ba ta lissafa zaƙin ɗan itacen da aka ci ɗungurungum ba. Kofi ɗaya na ruwan lemu, mai cin rubu'in lita, yana ɗauke da sukari wajen giram 20, ko ba a ƙara masa ko ƙwaya ɗaya ba. Bai yi nisa da lemun kwalba ba. A haɗa wannan da shayin safe da na yamma, da kunu, da fura mai sukari, a ga inda lissafi zai kai. Mai ciwon sukari ya kiyaye ƙwarai: ya ci ɗan itacensa yadda likita ya ƙayyade masa, ya bar tataccen ruwa.

Muna jin masu talla suna cewa ruwan karas ko na ganye yana wanke jini, yana fid da dattin ciki. Wannan zancen kasuwa ne. Hanta da ƙoda su ne ke wannan aiki dare da rana, ba kuma injin da zai karɓe su. Abin da yake gaskiya shi ne, bitamin C da ke cikin lemu da gwaiba da ƴaƴan kuka yana taimakon jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe daga gero da wake da zogale. Mai ciki ko mai shayarwa da ke fama da ƙarancin jini, idan ta matsa lemun tsami a kan kwaɗon zogale, ko ta ci gwaiba bayan tuwo, ta yi wa kanta gata ba tare da ta kashe ko dala ba a kan inji.

Uwaye mata, ga naku. Jariri daga haihuwa har wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ba ruwa, ba jiƙo, ba ruwan lemu. Bayan wata 6, a dama masa naman mangwaro ko gwanda ko ayaba da cokali mai tsabta. A shekarar 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba ruwan ƴaƴan itace, sai in likita ne ya umarta. Ruwan zaƙi yana cika ɗan cikinsa, ya ƙi nono da kunu, ya kuma ɓata haƙora. Idan yaro yana zawo, ruwa mai zaƙi da yawa ƙara zawon yake yi. Maganinsa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake samu a likita, da ƙwayar zinki, da ci gaba da ba da nono.

Ko da an ce inji yana da amfani, ina wuta, ina ruwa? Babban injin nan yakan ci wuta daga wat 400 zuwa 1000. Ƙaramin faranti mai aiki da hasken rana, irin wanda ke kunna fitila da cajin salula, ba zai tayar da shi ba. Ƙauyuka da yawa na ƙasar Damagaram wutar NIGELEC ba ta kai gare su ba, inda ta kai ɗin ma tana zuwa tana ɗaukewa. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana rabon wuta unguwa-unguwa, har aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Ruwa kuma tsohuwar matsalarmu ce. Ƙarancinsa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Injin nan yana da gaɓoɓi biyar ko shida, da rariya mai ƙananan ƙofofi, duk sai an kwance an wanke da sabulu da buroshi nan take. In an bar shi zuwa anjima, tuƙa ta bushe a ciki, ƙudaje su taru, gobe a matsa sabon ruwa a kan tsohon datti. Matar da ta ɗauko ruwa a ka daga rijiya, da wane za ta wanke inji? A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta ratsa jihohin Maraɗi da Damagaram da wasunsu. Ruwan da za a haɗa abin sha da shi, ko ƙanƙarar da za a jefa ciki, dole ya zama tafasasshe ko wanda aka sa wa magani irin su Aquatabs.

Wani manomi zai ce, to mangwaro da tumatir da ke ruɓewa lokacin da suka yi yawa fa, ba gara a matse su ba? Matsewa ba ta ceton amfanin gona. Ruwan da aka matsa, cikin zafin watan Afrilu ko Mayu, awoyi kaɗan ne ya soma tsami idan babu firji, bitamin C ɗinsa kuma iska da zafi suna rage shi tun daga lokacin da ya fito. Abin da ke ajiye amfani shi ne shanya. Kauɗar tumatir da muka gada tana kai mu har damina. Mangwaro ma yana shanyuwa: a fere wanda ya nuna amma bai yi laushi ba, a yanka sirara, a shimfiɗa a kan raga ko tabarma mai tsabta a bisa rumfa, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda da ƙura, a adana cikin abin da iska ba ta shiga. Kuɗin inji ɗaya, da ƙungiyar mata ta zuba shi a ragar shanya, da yara sun ci mangwaro har bayan wucewar lokacinsa.

Ba mu ce kowa ya guji inji ba. Tsohon da haƙoransa suka zube, da majinyacin da ba ya iya tauna, da mai azumi lokacin buɗa-baki, duk suna jin daɗin abu mai ruwa-ruwa. Matan da ke sana'ar zoɓo da ruwan citta da kunun aya su ma aiki yana yi musu yawa a turmi. Ga waɗannan, idan akwai wuta, injin markaɗe muke ba da shawara a saya. Yana markaɗa mangwaro da gwanda da jiƙaƙƙen dabino ba tare da zubar da tuƙa ba, ya markaɗa tumatir da tattasai da albasa na miya, a kuma wanke shi da ruwa kaɗan. Inji ɗaya, aiki da yawa. Babban injin mai raba ruwa da tuƙa a bar wa mai gidan abinci a birni, wanda ke da firji da famfo da masu sayen ruwan abarba kullum.

Wanda ya yanke shawarar saye, ya juya injin ya karanta rubutun da ke gindinsa, ga amfanin yaƙi da jahilci nan. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce. Injin gwanjo da aka yi wa Amurka, mai ɗauke da lamba 110 ko 120, ƙonewa zai yi da an jona shi. A nemi mai wuƙar ƙarfen da ba ya tsatsa, da kofi mai kauri. A sa mai kanti ya kunna shi a gaban ido, a saurara ko yana ƙara irin ta abin da ya kwance, a shinshina ko yana warin ƙuna. A tambaya ko ana samun kofinsa da wuƙarsa da robar gindinsa a Damagaram, domin su ne ke fara lalacewa, inji kuwa in babu kayan gyaransa ya zama kayan ado a kan kabad. Kada a bar shi yana gudu fiye da minti ɗaya ko biyu a jere, a riƙa ba shi hutu, kada kuma a zuba masa busasshiyar aya ko dabino mai ƙwallo. Kafin a miƙa kuɗin, maigida da uwargida su zauna su lissafa tiya nawa ta hatsi kuɗin nan zai saya a kasuwar wannan mako, da kuma sau nawa a wata za a kunna injin.