Soket ɗin aski na banɗaki ba wurin kwanan buroshi ba ne

A Birtaniya ƙa'idar wayarin ta hana a sa soket na yau da kullum kusa da wurin wanka, saboda ruwa da lantarki ba sa ga maciji. Wanda aka yarda da shi shi ne ɗan ƙaramin nan mai ramuka biyu da ke gefen madubi, wanda aka rubuta a jikinsa cewa na injin aski ne kawai. Ana ganin irinsa a wasu manyan otal-otal namu ma.

Matsalar ita ce, yanzu mutane buroshin goge haƙori na lantarki suke jonawa a ciki, su bar shi dare da rana. Sai a ji soket ɗin ya ɗau zafi, yana ƙugi, wani lokaci murfinsa har ya sauya launi.

Buroshin ba shi da cin wuta, cajarsa ba ta wuce wat ɗaya ko biyu. Abin da ke zafi shi ne ƙaramar taransifoma da ke bayan murfin, wadda aikinta raba mai aski da wutar gidan don kada ta ja shi. A yawancin irin waɗannan soket, tana tashi ne da zarar an cusa filogi, ba ta kuma hutawa sai an zare. An ƙera ta ne don askin minti biyar, ga ta kuma a cushe cikin bango inda iska ba ta shiga. To ina ga ta yi mako tana aiki?

A ganina, bai kamata a ɗora wa mai gida laifi ba. Kamfanoni ne ke sayar da buroshin a Birtaniya da filogi mai baki biyu, wanda in ba da adafta ba, babu inda zai shiga a gidan sai wannan soket. Ka ba mutum makulli, sannan ka ce kada ya buɗe ƙofar? Gargaɗin ya dace ya fito ɓaro-ɓaro a jikin kwali.

Akwai sababbin soket masu hoton buroshi a fuskarsu, waɗanda aka yi don doguwar caji. Wanda nasa ba shi da wannan alama, ya sayi adafta mai fis, ya yi cajinsa a ɗaki. Idan kuwa murfin ya fara baƙi ko yana ƙauri, a daina amfani da shi, a kira mai gyaran wuta.