Kada a sake tsare mana 'ya mace a daji

Jama'ar Ngaski, Yauri da Shanga, ku tsaya ku ji!

Ranar Alhamis 17 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana kata, suka kora ɗalibai da malamai daji. An yi ta sako su kashi-kashi, amma 'yan mata 11 suka rage a hannun jagoran 'yan bindigar, Dogo Giɗe. Ba laifi, ba alƙali, ba wa'adi. Ɗan gidan yari ma ya san ranar fitarsa, yaran nan ba su sani ba. Aka yanka kuɗin fansa naira miliyan 100. Iyaye suka sayar da gonaki da abin da suka mallaka, suka fito suna roƙon jama'a, duk da akwai gwamnati a ƙasa. Na ƙarshensu ba su ga gida ba sai a watan Mayun 2023, kusan shekara biyu. Wasu da goyo suka dawo.

Muka ce an gama. Ina! A Nuwamban 2025 aka kwashe 'yan mata 25 a makarantar Maga, nan cikin Kebbi, bayan kwana huɗu aka shiga makarantar Papiri, can tsallaken ruwa a jihar Neja.

To, mu miƙe. Malamai, ku faɗa a kan mumbari cewa tsare 'yar mutane da aurar da ita a daji zalunci ne, ba aure ba. Masunta da masu jiragen fito na Kainji, da 'yan kasuwar Wara, duk baƙon motsin da kuka gani ku kai wa hakimi da jami'an tsaro tun da wuri. Mu tafi gaban shugaban ƙaramar hukuma da 'yan majalisarmu, mu nemi katanga da jami'an tsaro na dindindin a kowace makarantar kwana. Najeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu tun 2015. Mu tambaye su ina aikinta.

Akwai kuma kurkukun da mu ke ginawa da bakinmu. Yarinya ta tsira daga daji, ta dawo ana nuna ta da yatsa, ana tsegumin ɗanta, har ta ƙi fitowa ƙofar gida. Haba jama'a! Ku kai ta asibiti, ku rungumi jaririn, ku mayar da ita aji. Wanda kuma ya cire 'yarsa daga makaranta don tsoro, maƙwabta ku same shi a zaure, ku raka shi ya mayar da ita.