Wasiƙa Ga Masu Gyaran Jikin Mota Na Sabo, Ibadan: A Kan Injin Feshin Yashi

Ƙannena da 'ya'yana masu buga jikin mota, masu walda da masu fenti, daga Sabo har Mokola.

Yabonku ba zai ɗauke ni lokaci ba, don aikinku yana kan titi kowa na gani. Micra nawa ke yawo a garin nan wadda da ba don hannunku ba da tuni an auna ta a sikelin 'yan gwangwan? Allah Ya yi albarka.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Kwanan baya na tsaya a wani gareji, na tarar da yaro da bai wuce shekara 15 ba yana feshe shasin tsohuwar Peugeot 504 da yashin gini, irin wanda tifa ke jibgewa. Ya ɗaure hanci da hankici, girarsa ta yi fari fat. Maigidansa yana can inuwa yana ta yaba mini arahar injin. Na koma gida ƙirjina a cushe kamar ni na shaƙi ƙurar.

Mafi yawan yashi ƙanƙarar dutse ce da masana ke kira silika. Idan iska ta maka shi a jikin ƙarfe sai ya farfashe ya zama garin da ido ba ya gani, kuma wannan garin ba ruwansa da hankici. Yana sauka can ƙasan huhu ya zauna, huhun ya riƙa yin tabo yana ƙandarewa. Asibiti na iya sassauta wahalar, amma tabon ba ya warkewa, kuma mai shi ya fi mai lafiya saurin kamuwa da tarin tibi. A Amurka aka yi wa wannan injin rajista a 1870, da sunan Benjamin Tilghman. Ingila ta ga yadda ma'aikatanta ke ƙarewa, ta kafa dokar hana feshi da yashi a 1949. Turkiyya ma ta hana feshe wandunan jins da shi a 2009, bayan samari sun mutu. Abin da wasu suka yar saboda gawarwakin da suka binne, shi muke ɗauka muna murnar araha. Araha ba ta ado.

Idan za ku sayi inji, ku fara da tambayar kanku me za ku wanke. Ƙananan kaya irin su kabareta da murfin inji, akwatin feshi mai taga da safar hannu ya fi dacewa da su: ƙura ba ta fita, abin feshin kuma ana sake amfani da shi. Shasi da aksil da sifirin masu tsatsa mai kauri suna son mai tukunya, wadda ake matse iska a cikinta. Bindigar zuƙo kuwa, mai tsotso daga bokiti, ta ɗan gurbin tsatsa ce. Kafin duk wannan ku dubi kwamfaresarku. Bakin bindiga mai faɗin milimita 3 yana cin iska kusan CFM 20 a matsin psi 100, ƙaramar kwamfaresar fenti kuwa ko rabin haka ba ta bayarwa. Shi ya sa kuke fesa minti ɗaya ku jira minti biyar, janareta na shan mai a banza. Ku sa matarar ruwa a bututun iska, domin damshin Ibadan ba irin na Katsina ba ne. Yana toshe bindiga, kuma ƙarfen da aka tsiraita da safe yana iya yin ja kafin la'asar idan ba a shafa masa fentin farko ba.

Abin feshin ma kowane da wurinsa. Ƙwayar gilashi ta alminiyom ce. Garin ƙarfe ko dutsen ganet na shasi ne. Soda da niƙaƙƙen ɓawon goron Turawa suna cire fenti ba tare da sun ci ƙarfe ba. Babu inda yashin tifa ya shigo.

Bayan feshi da yashi, laifi na biyu gaggawa ce. Ƙofa da bonet kaurinsu bai kai milimita 1 ba. Ku tsaya a wuri guda da cikakken matsi, ƙarfen ya miƙe ya yi tudu da kwari, sannan ku lafta fila kamar masu yaɓen ɗaki. Mai mota ya biya yana godiya, damina biyu fenti ya tsage. Wannan ha'inci ne, ko da ba ku yi niyya ba. A rage matsi, a karkata bindiga, a riƙa tafiya da hannu. Cikin inji kuwa, inda mai ke bi, tsakuwa ɗaya da ta maƙale ta isa ta cinye metal da kiransha.

A wurin marigayi maigidana, Allah Ya jiƙansa, a zamanin da Peugeot ke fitowa sabuwa daga Kaduna, bayan an buɗe kamfanin a 1975, da buroshin waya da samfefa muke yini a kan ƙofa ɗaya. Yakan rufe ido ya shafa da tafin hannu, in ya ji tudu ko kamar ƙwayar gero sai a sake. Kuma bai taɓa ba yaro aikin da shi kansa yake gudu ba. Ina waɗannan mutane? Yau mun samu inji mun rasa tausayi. Kai da ka koma inuwa, ai ka san abin da kake gudu! Uban yaron nan amana ya damƙa maka, sana'a ya kawo shi koya, ba tari ba. Ƙurar ma ba a garejinka take tsayawa ba. Sabo gida a jikin gida take tun da aka kafa ta a 1916. Iska na kai ƙurar nan kan tsiren maƙwabcinka da cikin ajin Islamiyya.

Ku gafarce ni idan harshe ya yi kaifi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na san kuɗi sun yi wuya. Wanda bai iya sayen kayan kirki shi kaɗai ba, ku haɗu ku biyar ku sayi akwati ɗaya da hular feshi mai jawo iska mai tsabta daga waje, ku killace wuri nesa da gidaje. Wanda ya daɗe yana wannan aiki kuma yana haki idan ya hau tudun Mokola, ya je asibitin UCH a ɗauki hoton ƙirjinsa, ya gaya wa likita sana'arsa.

Shasi in ya ruɓe, ana samun wani a kasuwar Gate. Huhun yaron nan babu mai sayar da shi.

Wassalam.
Naku, tsohon mai buga jikin mota,
Sabo, Ibadan.