Motar da ke Tashi Yau Ta Ƙi Gobe: A Auna Kafin a Sauya

Sanin kowa ne cewa tsohuwar Peugeot 504, wadda jama'a ke kira Fijo, ba ta gama ɓacewa daga titunan Birnin Zariya ba. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya soma aiki a 1975, ya harhaɗa ta shekara da shekaru, kuma kanikawa sun san cikinta sarai. Amma akwai cuta guda da ke ba su kunya: motar da za ta tashi lafiya a Ƙofar Doka, ta mutu a Babban Dodo, da an kai ta gareji kuma ta tashi kamar ba ita ba.

Abin da aka saba yi shi ne sauya kaya. Yau fulogi, gobe batir, jibi a kwance kafireta. Wannan caca ce da kuɗin mai mota, alhali kuwa tsarin wutar ba shi da wani sirri. Tun 1910 Charles Kettering na Amurka ya sa shi a motocin Cadillac. Batir na ba da bolt 12. Duk lokacin da kwantak ya buɗe, sai kwayil ya ɗaga wutar zuwa dubban bolt, distirbuta ya raba ta ga fulogogi huɗu. Ratar kwantak ɗin ba ta wuce kimanin milimita 0.4 ba, wato ƙurar hunturu kaɗan ko ɗan ƙuna ya isa ya hana shi aiki.

Cutar da ke zuwa ta koma tana da abin da ke kiranta, kuma a nan ne direba ya fi bakanike amfani, domin shi ne shaida. In sai injin ya yi zafi take mutuwa, ta huce ta tashi, to a tuhumi kwayil ko kwandansa, saboda zafi na buɗa tsagar da sanyi ke rufewa. In da safiyar damina take gardama, a duba murfin distirbuta: raɓa na shiga tsagar da ido bai cika gani ba, wutar ta bi ta nan ta zurare. In kuwa gargada ce ke kashe ta, waya ce ta saki, sau da yawa ta ƙasa wadda ke haɗa batir da jikin mota.

Fitila ma na magana. A kunna ta, a murɗa makulli. In ta dusashe ƙwarai, batir ne ko kansa ya yi tsatsa. In haskenta bai motsa ba kuma injin bai juya ba, laifin na wajen makulli ne ko sitata.

Na'urar awon wuta, wadda ba ta kai kuɗin sabon batir ba, tana tabbatar da yawancin waɗannan cikin mintoci. Ya kamata sassan koyar da injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello su riƙa shirya wa yaran gareji na cikin birni gajeren horo da Hausa kan yadda ake karanta ta, kuma masu mota su daina biyan kuɗin kayan da ba a nuna musu lalacewarsa ba.